Fitilar Dama ta Motar Baba

Gurgu,

Bayan gaisuwa, ga motar marigayi Baba nan na sa an jawo maka gareji. Ka tashe ta, ta koma yadda ta fito daga kamfani, zan kai ta baje kolin tsofaffin motoci. Masu dubawa har hatimin ranar ƙira suke karantawa, saboda haka kada ka cusa mini tarkace. Tunda ƙafa ta ƙi, ai sai hannu ya yi amfani.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Na kwance motar kaf. Kowane ƙarfe da hatiminsa: ɗan zagaye kamar agogo, shekara a tsakiya, kibiya tana nuna wata. Injin, lagireto, gilasai, duk saba'in da huɗu ne. Sai fitilar dama da bamba, ƙarfen gaban motar: tamanin da ɗaya, watan uku. Sau uku ina kankare tsatsa ina sake dubawa.

A watan shida na shekarar tamanin da ɗayan nan mota ta take ni a ƙofar gida, ina ɗan shekara biyar, aka ce baƙo ne ya gudu. Lokacin Baba yana kwance a asibiti, makullin motarsa yana hannunka. Don girman Allah ka ce mini ƙarya ƙarfen nan yake yi. 

Na gaishe ka. Ƙaninka.

*

Gurgu,

Gaisuwa. To, sai me? Ni ne. Koyon tuƙi nake, ka fito a guje kamar ɗan akuya. Shekara arba'in ba ka gane ba sai da fitila ta gaya maka, lallai ba ƙafar kaɗai ta taɓu ba. Inna ce ta wanke jinin da hannunta, ita ta sa Kawu ya canja kayan kafin a sallamo Baba. Ka nemo mini fitila da bamba 'yan saba'in da huɗu, baje kolin saura sati uku.

Yayanka.

*

Inna,

Ina durƙushe ina gaishe ki. Ga wasiƙar Yaya na haɗo miki, a karanta miki. Ke kika goya ni wata takwas kina tsine wa baƙon. Gaskiya ya faɗa?

Autanki.

*

Auta,

Na ji takardarka. Da Babanku ya sani, da ya kore shi har abada. Kai ka riga ka nakasa, sai in yi asarar mai ƙafa biyun? Ka sa masa fitilarsa, kada ka ba shi kunya a gaban mutane.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka.