Ka Aiko da Makullin, Kada Ka Zo Suna

Zuwa ga jikana kuma maigidana, Inusa, a Bawku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka Awudu da iyalinsa da shanun da kuke tsaro a kara, kasuwar shanu. Mu nan Zongon Yendi muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na kira ka a waya har yatsana ya gaji, kullum sai wata mata ta fito tana yi mini Turanci. Ashe ka ƙara aure ban sani ba. Shi ya sa na tattaro ɗan karatun da na yi a makarantar manya, na rubuta da hannuna, na sa aka ɗauki hotonta aka liƙa maka a waya, a inda kuke liƙa hotunanku, inda duk Zongo ke leƙawa. In ka ji kunya, kai ka ja.

Ka riga ka ji matarka Rahinatu ta sauka lafiya, an sami namiji. Na duba shi tun daga ka har tafin ƙafa, ya fi ka hanci, ya fi ka kunya, ga shi ba ya gudu ya bar mace. Saboda haka na sake ka, na yi sabon ango. Suna ranar Juma'a mai zuwa. Direban motar albasa ya kawo mini saƙonka cewa ko ana ha maza ha mata sai ka zo. To, dalilin wannan takarda ke nan. Kada ka zo.

Bari in ba ka labarin gari, tunda kai tun ana ƙirga ƙuri'a ka ga inda ruwa ya nufa, ka haye mota ba ko sallama.

An kayar da ku, Inusa. Ba kayen kokawa ba, wanda mutum zai tashi ya kakkaɓe riga. An share ku kamar yadda nake share tsakar gida, har ƙarƙashin turmi. Akwatin zaɓen da ke gindin darbejiyarmu, wanda kake bugun ƙirji kana cewa naka ne ko kare kuka tsayar, shi ma ya juya muku baya.

Ka san halina. A adakata zannuwa biyu ne, ɗaya mai fuskar ɗan takararku, ɗaya mai fuskar nasu, duk kyauta aka ba ni, duk kuma na yi godiya. Da aka faɗi sakamako a rediyo sai na ninke naku na tura can ƙasa, na fito da nasu, na ɗaura, na gyara maƙogwaro saboda guɗa. Na zauna a bakin tukunyar kokona ina jiran makaɗa da 'yan babur masu tsayuwa a kan sirdi.

Sun wuce sau ɗaya da la'asar, suna busa oda kamar an sa su dole. Shi ke nan. Guɗata ta koma ciki.

Ban taɓa ganin cin zaɓe irin wannan ba. Waɗanda suka ci suna tafiya kamar masu dawowa daga maƙabarta. A kasuwa ka yi wa mace barka, sai ta ce mu dai gani, ta ci gaba da auna masararta. Mudun bai sauko ba, kuɗin motar Tamale bai sauko ba. Mutane ba don sun ga hasken wani suka fita ba, gajiya ce ta kai su layi, kuma wanda ya sauke kaya mai nauyi ba rawa yake yi ba, wuyansa yake murzawa. Wannan na gane shi. Akwai wani shirun dabam a unguwarmu, shi ne ban so ba, kuma a ƙofar salgarka yake zaune.

I, salgarka. Kai da ka tashi kana tsokanata cewa garinmu Salaga ne ya ba wa salga suna, sai ga shi Allah ya ɗora ka a kanta shekara da shekaru, kana karɓar 'yan sulalla kana miƙa wa mutane guntun jarida. Alhaki kwikwiyo ne.

Ka fi ni sanin yadda ake yi. Duk sanda gwamnati ta sauya a Ankara, babban birnin Gana, salgar Zongo ma sai ta sauya hannu, ita da tashar mota. Samarin waɗanda suka ci su zo da guduma da ganga, su fasa kwaɗon ƙofa, su rataya nasu. Mai tsaron da ya tashi ya ruga, a bi shi da ihu da zagin uwa, yara su yi ta tsalle. Kwana kaɗan Sarkin Zongo da liman su tara kowa, a yi faɗa, a yi fatiha, a koma cin waake, shinkafa da wakenmu, a kwano ɗaya. Hayaniyar nan ita ce maganin. Ƙurji ne ake matsewa, ya yi zafi, ya fashe, ya warke.

Amma ka tuna ranar da ku kuka ci, kuka je karɓa a hannun Baba Seidu. Dattijo mai furfura, yana zaune da carbinsa da butocinsa a jere. Da ya hango ku, da kansa ya miƙo makulli. Ba ku karɓa ba. Kuka fasa kwaɗon, sannan kuka kifa masa bokitin wanke salga a ka, kuka sa shi taka rawa tun daga nan har ƙofar masallaci, ana ɗauka a waya. Hannunka ne ya kifa bokitin. Da ka dawo gida kana dariya na ce maka, kwaɗo ake fasawa, ba a fasa mutum. Ka ce tsohuwa ba ta san siyasa ba.

Baba Seidu bai ƙara tsayawa a sahun gaba ba. Daga baya ma ya daina fitowa, damina ba ta zagayo sau biyu ba aka kai shi makwancinsa. Ɗansa Fuseni yana tsaye a gindin katanga ranar bokitin, bai ɗaga hannu ba. Yau Fuseni shi ne babban samarin waɗanda suka ci.

To, kwaɗonka yana nan rataye, Inusa. Ba wanda ya taɓa shi.

Ka tafi da makullin a aljihu, ƙofa a rufe. Tashar mota tun washegari aka karɓe ta, aka yi ihu, aka gama. Salga kuwa shiru. Mata suna ɗaukar buta suna tsallaka titi zuwa wata unguwa, tsofaffi suna shan wuya, bayan makarantar allo ba ya biyuwa saboda wari. Dattawa sun je sun sami Fuseni, suka ce ya fasa mana, ai nasu ne yanzu. Ya ce a'a, makulli yana da mai shi, a bari mai shi ya zo ya buɗe da hannunsa. Samarinsa sun kafa benci a gindin darbejiya, suna kallon ƙofar tun safe har magariba. Ba kiɗa, ba caca, ko gardamar ƙwallo ba sa yi.

Kullum da safe Fuseni yana zuwa wurin kokona. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, ya tambayi ruwan wanka ko akwai itace. Ya sha kokonsa da ƙosai a natse. Shekaranjiya ya ce rumfa da kujerun suna a bar masa, shi zai kawo, kyauta. Da zai tashi sai ya tambaye ni, cikin ladabi, ko uban jariri ta Tamale zai biyo ko ta hanyar Gushegu.

Na ce masa ni mijina ba ya gaya mini hanyarsa.

Na san wannan irin gaisuwa. Shekarar da muka gudu daga Salaga saboda yaƙi, kafin kakanka ya dawo da mu Yendi, ubanka yana saurayi, gwaggonka Ladi tana goye a bayana. Ranar kasuwa ce, amma matan ƙauye masu kawo doya ba su shigo ba. Garin da rijiya ta fi ƙofar gida yawa, ka saurara ba ka jin ƙarar guga ko ɗaya. Maƙwabtan da muke gaisawa a tsaitsaye, ran nan sai gaisuwarsu ta yi tsawo, suna tambayar kowa na gidan da sunansa, har wanda ya yi tafiya da ranar da zai dawo. Innata takan ce, in kaji suka yi tsit da rana tsaka, kada ki duba ƙasa, duba sama. Ba mu duba ba. Abin da muka bari a garin nan, da waɗanda muka bari, ba na takarda ba ne.

Jiya na ce bari in matse ƙurjin da kaina. Na ɗaura zanen nasu, na saɓa taɓaryata, na nufi salga ina waƙa, ina cewa tunda mazan Zongo sun zama mata, yau tsohuwa za ta karɓi mulki, kuma kowa zai shiga kyauta sai mai gudawa, shi zai biya ninki. Ka san ni, ko a gidan makoki sai na sa an rufe baki da mayafi. Na ɗaga taɓarya zan sauke wa kwaɗon.

Samarin suka miƙe gaba ɗaya. Ɗaya ya riƙe taɓaryar ta sama, a hankali, kamar mai karɓar jariri. Ɗaya ya kama mini hannu wai kada in faɗi. Suka rako ni har ƙofar ɗakina, suka jingina mini taɓaryata a inda take zama, suka ce in huta. Duk hanya ina zolayarsu, na kira wannan mijina, na ce wa wancan kansa kamar ƙwarya. Yaran da na yi wa iyayensu mata wankan jego da hannuna. Ko haƙorin ɗaya ban gani ba.

Da sun zage ni, da na yi barci.

Na san Bawku ba wurin hutu ba ne. Na san ana kora ku ɗaki tun rana ba ta gama faɗuwa ba, na san motoci ba sa fita sai da rakiyar soja, kuma kowace ƙara ka ji sai ka tsaya ka tantance ko taya ce ta fashe. Ban taɓa zaton zan ce wa jinina ya zauna a can ya fi masa ba. Amma harsashin Bawku bai san sunanka ba, Inusa. Shirun nan namu ya sani, ya san gidanku, ya san ranar suna.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka naɗe makullin a tsumma ka ba direban albasa. Ni zan kai shi wurin Sarkin Zongo, in ɗauki liman, mu je ƙofar matar Baba Seidu. Gwiwata da ba ta lanƙwasuwa a sallah sai a kujera, ran nan za ta taɓa ƙasa. Kai kuma ka yi magana a waya da bakinka, ba da bakin siyasa ba, ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ka roƙi gafara. In sun karɓa, alhamdu lillahi. In sun ce sai sun yi tunani, ka ci gaba da kiwon shanun kawunka.

Sai maganar suna. Na ji kana so a sa wa yaron sunan kakanka. Kakanka ya yi takwarori har sun ishe shi, ko akuya aka haifa a gidan nan sai an so a sa mata. Ni ga sunan da nake roƙo a raɗa wa angona: Seidu. A faɗe shi da ƙarfi a ƙarƙashin rumfar da Fuseni ya kafa, yana zaune a kujerar da ya kawo. Ka san al'adarmu, wanda aka yi wa ubansa takwara ba ya iya kiran yaron da suna, sai dai ya ce Baba. Ina so in ga ko mutum zai iya ɗaukar jariri ya kira shi Baba, sannan ya fita ya tare wa uban jaririn hanya. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, zamanin ya sauya mini. Amma shi ne kaɗai abin da ya rage a adakata, zannuwan nan biyu ba su da sauran amfani.

Na goye ka, ɗan nan. Na tauna maka gyaɗa na sa maka a baki. Ranar da uwarka ta rasu a cinyata ka yi barci, kana riƙe da kunnena. Ban yi wannan wahala don in zo in tsaya a bakin hanyar Gushegu ina tambayar direbobi ba. Rago za a yanka ko kana nan ko ba ka nan. Yaro zai yi suna ko kana nan ko ba ka nan. Abin da ba zai yi ba shi ne sake samun wani uban.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya rufe idon mai nemanka da sharri. Allah ya jiƙan Baba Seidu, ya sanyaya zuciyar 'ya'yansa, ya sa abin da ke cikinta ya fito ta baki, kada ya fito ta hannu. Allah ya ba sababbin masu mulki tausayin talaka, ya dawo mana da hayaniyar garinmu. Allah ya raya angona, ya sa ya san fuskar ubansa. Amin.

Motar albasa tana tasowa ranar Laraba. Zan je tasha in tsaya. Tsumma nake so in gani a hannun direba, Inusa. Kada in ga ƙafarka tana saukowa.

Ni ce matarka ta fari, wadda ta sake ka amma ba ta daina dafa maka ba,
Kakarka Azumi mai koko,
Zongon Yendi.