Tambayar da Na Yi Miki Ranar Talata

International City, Dubai
27 ga Afrilu, 2021

Muhsinat, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake nema a garin da dabinonsa ba sa rufe kan mutum, assalamu alaiki.

Yau kwana ashirin da ɗaya ba ki ɗaga wayata ba. Na tura wa yayanki Halliru wannan takarda, ya ce zai buga ta ya kai miki ɗakin Hajiyarku inda kike jinya. In kin ga dama ki yaga ta, amma ki karanta tukuna.

Bari in faɗi laifina yadda yake. Ranar Talata, shida ga wata, kin kira ni daga asibiti a Zariya kina kuka, kika ce cikin ya zube, ɗanmu na wata huɗu. Na yi shiru na daƙiƙa biyar, kamar yadda aka koya mana. Sannan na sassauta murya na ce, "Na ji kina cikin tashin hankali. Ko za ki gaya min yadda kike ji?" Kika kashe wayar. Kin yi daidai.

Daga aji maganar nan ta fito, ba daga ƙirjina ba. Shekara biyu ke nan ina wannan digiri na biyu, ana horar da ni in zauna tsakanin miji da mata in gyara abin da ya ɓaci. A cibiyar da nake gwajin aiki a Al Khabaisi, kujera uku ce a ɗakin. Bango ɗaya madubi ne, malamarmu tana bayansa, tana ganina ba na ganinta, tana rubuta duk inda na katse mutum da duk inda fuskata ta ɗauki ɓangare. Awa ɗari uku da sittin na yi a ɗakin nan ina koyon kada in yi kuka in ana kuka. Na koya, Muhsinat. Na koya har abin ya bi ni gida, ya bi ni cikin wayarki. Wace irin ƙwarewa ce za ta sa mutum ya ji mutuwar ɗansa ya mayar da ita tambaya?

Abin da ba ki gani ba shi ne bayan kin kashe. A bas nake. Na sauka gaban kasuwar 'yan China, na zauna a bakin titi da rana tsaka, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Baba. Wani mai gadi ɗan Ghana ya ji ina salati da Hausa, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya dafa kafaɗata. Bai tambaye ni komai ba. Ya fi ni sanin aikina.

Kin tuna damina ta farko bayan aurenmu, da motar ta mutu mana a Jaji? Na fita cikin ruwa ina zagin mota, ina zagin bakanike, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo. Kina ciki kina dariya har da hawaye, mayafinki ya zame, fuskarki kamar wata ya leƙo tsakanin hadari. Kika ce ranar ce kika fara ganin mijinki, sauran ranakun mai karanta labarai kike aure. Ina mutumin nan ya shiga, ya furen zuciyata? Shi kika kira ranar Talata, wani ya ɗauka.

Ga inda nake tsaye. Fasfona yana hannun makaranta, ana sabunta biza. Jirage sun daina tashi tsakanin nan da gida, wanda ya fita ta wata ƙasa kuma ba ya samun hanyar dawowa. Saura awa ɗari da arba'in in cika, in na tafi yanzu za a ba wani ɗalibi ma'auratan da ke hannuna, shekarar nan kuma ta tafi. Kullum da safe ina zama in saurari wani yana cewa matarsa ba ta masa magana, in gyaɗa kai, in rubuta. Da yamma in dawo in sha ruwa ni kaɗai, ina kallon benaye iri ɗaya da suka kewaye tagata, wayata a kife kusa da dabino. Ke ce iskar da nake shaƙa, ga shi an rufe ƙofa an bar ni da na'urar sanyaya ɗaki.

Jiya na miƙa wa malamarmu takardar neman ɗage karatun. Ta ce in yi shwaiya shwaiya, wato in bi a hankali, in sake tunani. Na ce khalas, shi ke nan, na gama tunani. An ce fasfo zai fito ranar Alhamis, inshallah. In ya fito, ta Addis ko ta Alƙahira, duk inda aka bar ƙofa a buɗe, ta nan zan bi. Ban san ranar da zan dawo nan ba, ban kuma san ko za ki fito ki gan ni ba. In kin ƙi, zan zauna a zauren gidanku har Sallah, har bayan Sallah. In kin fito ki yi min faɗa, ki ɗaga murya, ba zan gyaɗa miki kai ba, tare za mu yi kukan.

Ba shawararki nake nema a kan tafiyar nan ba, zuwa zan yi. Sannu, Muhsinat. Sannu da jiki, sannu da rashi. Allah ya sa mai cetonmu ne.

Naki, tun daga yau har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Shu'aibu