Masu Fararen Riga Ne Namu

Daren Alhamis, Bagudo

Yau bakina ya ja mini kunya. A shagon Maman Ngozi munka kalli ƙwallon kwando ta mata, a wasannin ƙasashen Afirka. Tashar Benin kaɗai eriyarta ke kamawa, duk Faransanci, ba na jin komai. Na ga masu koren riga, na ɗauka namu ne, na yi ta ihu. Ita kuwa duk sanda masu fari sunka jefa, sai ta tashi tana tafi. Raina ya ɓaci. Gaban mutane na ce, "Ku dama ba ku son ƙasar nan, ci kawai kunka zo yi!"

Maman Ngozi ta rage murya ta ce, "Ɗana, masu farin su ne Najeriya. Dubi tutar ƙirjinsu."

Ba wanda ya yi dariya, shi ya fi ƙona ni. Matar da shekara biyu take ara mini littattafan ɗanta! Ɗaya ma na nan gefen katifata, ban gama ba. Gobe da safe zan kai mata, in durƙusa. In ta amsa ba ta ba ni wani ba, ita ke da gaskiya.