Shaidar da na bayar a ƙarar Kawu Sule

Asabar da dare, 9 ga Rajab, 1291. Birnin Kudu.

Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa. Wata biyu kacal da dawowata daga karatu a Kano, ga shi yau na tsaya gaban alƙali.

Shanun Buba makiyayi ne suka shiga geron Kawu Sule a Kangire, shi da Kawu suka yi cacar baki a gabana. Kawu ya kai ƙara wai Buba ya kira shi shege. Wannan ƙazafi ne, bulala tamanin.

Tun a hanya Kawu yake cewa, "Ɗan nan, zagi ai zagi ne. Kai dai ka ce haka aka yi."

Alƙali ya ce, "Malam ƙarami, me kunnenka ya ji?"

Na ce Buba ya kira Kawu matsiyaci sau biyu, wannan zagi ne. Ya kuma tuna masa nonon da iyalin Kawu suka sha kyauta a wurinsa a shekarar fari, wannan gori ne. Amma bai taɓa asalinsa ba.

Aka yi wa Buba faɗa, ya ba da haƙuri, ya tafi da bayansa lafiya.

Na san gorin ne ya ƙona wa Kawu rai, don a gaban surukinsa aka yi. Wallahi na tausaya masa.

Da magariba na gaishe shi, ya kau da kai. Akushin tuwon da ake aiko mini daga gidansa kullum, yau bai zo ba. Har yanzu da na ji motsi a zaure sai in ɗaga kai.