Kaset ɗin da Baba Ya Ɓata

Litinin, 4 ga Maris
Abokin Baba ya rasu. A rediyo na ji, ina cikin guga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ƙona wuyan rigar makarantar 'yata Auta, ban farga ba sai da ƙauri ya cika ɗakin. Ba su taɓa haɗuwa da Baba ba. Mu yara muka sa wa mawaƙin wannan suna, don muryarsa ce ke tashinmu kullum da safe, Baba na gyaran gemu yana binsa da muryar nan tasa mara daɗi.

Talata, 5 ga Maris
A rediyo sun sa waƙarsa ta mai kwalekwale. Na kasa kunne. Ashe akwai baiti guda a tsakiya! A kaset ɗinmu babu shi, Baba ya taɓa danna jan maɓalli bisa kuskure ya shafe wurin. Sai dai ka ji shi yana cewa, "Wa ya taɓa min rediyo? Ke, mai kunnen ƙashi!" Ni ke nan. Sai dariyar Inna, sai waƙa ta ci gaba. Yau na tsaya ina jiran Baba ya yi faɗa, bai yi ba. Kamar yau aka binne shi.

Alhamis, 7 ga Maris
Yaya ya kira. "Kaset ɗin yana wajenki, kar ki min musu. Kai wa mai gyara ya juye mana a waya." Na ce in zaren ya tsinke fa? Ba mu da muryar Baba da Inna ko'ina sai nan. Ya ce, "To ajiye, ki jiƙa ki sha."

Juma'a, 8 ga Maris
Na ɗauko kaset ɗin, na mayar.

Asabar, 9 ga Maris
Na kai. Mai gyara ya zura biro yana juya shi, ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ya girme ni. In inji ya cinye shi ba ruwana." Na ce sa. Waƙa ta taso. Baba ya ce, "Wa ya taɓa min rediyo?" Sai ƙit. Zaren ya cukurkuɗe, ya jawo shi kamar hanjin kaza. Tambayar kaɗai aka samu. Sauran ya tafi, har da dariyar Inna. Ban yi kuka a shagon ba. Ban ma tuna yadda na tsallaka titi ba.

Laraba, 20 ga Maris
Auta ta sa waƙar a wayarta ina wanke-wanke. Ban hana ta ba. Da aka zo wurin, bakina ya riga ni: "Ke, mai kunnen ƙashi!" Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ban taɓa lura dariyar yarinyar nan irin ta Inna ce ba.

Baitin ba laifi. Na ce ta sake sawa, don dai in ji abin da yake cewa.