Gadin Famfo

Litinin, 3 ga Maris
Kwana tara ke nan famfo bai ɗiga ba. Mai garuwa ya sake ƙara kuɗin jarka. Umma ta ce masa, "Malam, wai ruwa kake sayarwa ko turare?" Ya yi dariya ya tura kurarsa gaba.

Laraba, 5 ga Maris
Ruwa ya zo da hantsi, ba kowa a gida. Umma na asibitin da take shara, ni ina makaranta. Maƙwabciyarmu ta ce ko awa ɗaya bai yi ba ya ɗauke. Umma ta ce dole wani ya riƙa zama gadin famfo, tunda ba shi da rana, ba shi da lokaci. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Mu biyu ne kawai a gidan, ita kuma in ta yi fashi a yanke mata albashi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na zauna. Bai zo ba.

Litinin, 10 ga Maris
Yau ma. Sai huci yake kamar zai zo, ashe iska ce. Ƙawata Doguwa ta kawo min littafinta in kwafa. Wai Malamar lissafi ta ce duk wadda ba ta rubuta gwajin jibi ba, ba sunanta a jarrabawar ƙarshe.

Laraba, 12 ga Maris
Na yi dabara, ban gaya wa Umma ba. Na zura tiyo a durom, na buɗe famfo, na kulle ƙofa na tafi gwaji.
Yau ɗin ya ga damar zuwa, kuma ya daɗe. Durom ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ɗaki. Katifa, buhun shinkafa, duk sun jiƙe. Jarkoki shida na gefe, ko ɗigo babu a cikinsu. Maƙwabciya ta ce, "Sannu 'yar boko, kin wanke mana ƙofar gida, mun gode."
Umma ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa tana tsane ruwan da tsumma tana matsewa a bokiti. Ta ce zai yi mana banɗaki. Da ma dukana ta yi.

Litinin, 24 ga Maris
Doguwa ta zo. Na ci sha takwas cikin ashirin, sunana ya fito. Ta ce gobe za a fara bita, in zo da wuri. Na ce to. Ban tambayi ƙarfe nawa ba. Ta miƙo littafinta, na ce ta bar shi tukuna. Tana ta ba ni labarin aji, ni kunnena na wajen famfo.