An Karɓe Mini Ajin Darduma

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin Inna? Da fatan kowa lafiya.

Ajin saƙar darduma da na shekara tara ina koyarwa a Malali, an karɓe an ba ɗalibina Lawal. Wai na fara saka shuɗin zare a wurin kore. Na rantse sharri ne. Na kawo dardumar gida, na shimfiɗa wa mai ɗakina, na ce ta faɗi gaskiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, mu je asibitin ido."

Lawal bai ci amanata ba, hannunsa ma ya fi nawa. Zafin ne dai ya ƙi tafiya.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Kada Inna ta ji tukuna, don dardumar sallarta ce nake saƙawa.

Ƙaninka,
Garba, Rafin Guza